Layin Biro a Hannun Desley

Tun da aka cire wa yayata Desley nono saboda ciwon daji, hannunta na hagu yake kumbura. Asibiti ya sa mata manhaja a waya. Kullum da safe takan auna hannun, ta ɗauki hoto, ta tura wa Bronwyn, nas ɗinta da ke garin Mount Isa. Gonar shanunmu tana da nisa da gari, kuma da damina kogi kan rufe hanya, sai dai jirgin sama na likitoci.

Wata rana kare ya yakushe ta a wuyan hannu, wurin ya yi ja. Bronwyn ta ce ta zagaye jan da biro. In ya tsallake layin, za a turo jirgi ya kai ta asibiti.

Ranar Alhamis na same ta a baranda, hadari yana haɗuwa ta arewa. Mijinta Merv, wanda mantuwa ta kama har ba ya karɓar abinci sai daga hannunta, yana zaune yana kallon shanu.

"Glenys, zo ki ɗaukar mini hoton," in ji ta. "Hannuna rawa yake."

Jan yana cikin layi. Amma layin ya kai gwiwar hannu. Da na duba sosai, sai na ga wani tsohon zane can ƙasa kusa da wuyan hannu, an goge shi da sabulu, shuɗin bai fita duka ba.

"Yaya, layin nan tafiya yake yi?"

"Yaushe kika zama likita? Ke da ko saniya ba ki iya yi wa allura ba."

"Jikinki zafi rau."

"In na tafi, wa zai ba Merv abinci? Ke? Jiya ɓarauniya ya kira ki."

"Na ji abin da ya fi haka a bakinki, ban mutu ba."

Ta miƙo hannu don ta ƙwace wayar, hannun ya ƙi ɗaguwa. Na ɗauki hoton yadda tsohon zanen zai fito, na tura.

Ban ajiye wayar ba Bronwyn ta kira. Ba ta yi faɗa ba, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta ce matuƙin jirgi yana tambaya ko filin saukar jirgi na gonarmu a bushe yake, don ba ya iya sauka a laka.

Na dubi jar ƙasar filin. Yayyafi ya fara taɓa kwanon baranda.

"A bushe yake," na ce. "Yanzu dai."