Bujen Angon Jessica

Shagon Kawu Labaran yana bayan Murshid Bazaar, tsakanin mai ɗaure kwalayen kago da wani Bafakistane mai sayar da zif. Jakunkuna muke ɗinkawa da bel da takalma. Kawu yana yanka, ni Sabuwa ina ɗinki, haka muke tun da ya kawo ni Dubai.

Wata Litinin Jeffrey ya shigo. Ɗan Kafancan ne, gyaran na'urar sanyaya ɗaki yake yi a Port Saeed, kuma shi ke duba tamu in ta fara tari. Ya miƙa wa Kawu waya.

"Baba, wannan nake so ka yi mini."

Kawu ya ɗaga tabarau ya duba. "Buje? Na amarya?"

"Nawa ne, Baba. Kilt sunansa. Jessica 'yar Sikotilan ce, babanta ya ce duk mazan gidansu shi za su sa ran biki. Na ce to, ni ma zan sa, amma na fatar gida."

"Yanzu duk tsayin nan naka, ƙauri a waje?"

"Ƙaurin ai shi ta gani ta so, Baba."

Kawu ya yi dariya har da tari. Sannan ya jawo jar fatar akuya guda bakwai da ya zo da su daga Kano bara, waɗanda ko taɓawa ba ya bari a yi. Ya ce fatar saniya za ta yi masa nauyi, ga zafin garin nan. Ta akuya kuwa tana da laushi, tana karɓar ninki. Su ke nan suka rage mana, kuma bikin ran Asabar ne.

Kwana uku muna kansa. Bayan bujen ninki ne jere, ashirin da biyu. Fata ba ta son guga, sai dai Kawu ya fefe cikin kowane ninki da wuƙa har ya yi siriri, ya shafa gam kaɗan, ya bubbuga da guduma. Ni kuma na bi da zare mai kaki daga ƙugu zuwa mazaunai, na bar ƙasan a sake don ya riƙa lilo in ana tafiya. Gaban kuwa shafi biyu ne, ɗaya kan ɗaya. Na sama shi ne mai kyan, fatar da ba ta da ko tabon ƙaya. Kawu ya ce in haɗa su da jikin, ya tafi sallar azahar.

Na haɗa. Ɗinkin ya miƙe tsaf, har na ji daɗi. Na ɗauko hoton da Jeffrey ya turo don in ga inda za a sa maɗaurin. Mutum huɗu ne a hoton, surukinsa da 'ya'yansa. Duk huɗun bakin bujensu ta dama ya ƙare. Na dubi nawa. Ta hagu ya ƙare, yadda nake ɗaura zanina kullum. Ban ma yi tunani ba lokacin da nake haɗawa.

Da yadi ne, da na farke na sake kafin Kawu ya dawo. Amma duk inda basilla ta huda fata, ramin yana nan har abada. Rami sittin da wani abu na jera a gefen shafin mai kyan.

Kawu ya dawo yana jan carbi, ya ɗaga bujen, ya ce, "Madalla, Sabuwa." Bai lura ba. Jeffrey ma na san ba zai lura ba. Sai dai ran Asabar zai tsaya a gaban surukansa da ɗaurin mata, su kuwa kallo ɗaya ya ishe su.

Na daɗe ina goge teburin da ba shi da datti. Da na ga Kawu ya ɗauko abin huda zai fara ramukan maɗauri, na ce, "Kawu."

"Na'am?"

"Na juya shi."

Na nuna masa hoton. Ya duba, ya dubi bujen, ya sake duba hoton. Ya ajiye abin hudar a hankali.

"Ɗaurin zani kika yi wa ango."

"Eh, Kawu."

Bai yi faɗa ba. Ya zauna, ya ce in kawo masa shayi. Yana kurɓa yana jan hoton da yatsu biyu har ya yi girma.

"Mene ne wannan a bakin nasu?"

"Geza ce, Kawu. Zaren yadin suka tsefe."

"Ta dama?"

"Ta dama."

Ya ɗora yatsa a kan layin ɗinkina. "In muka mayar da shafin nan hagu, ramukanki ina za su koma?"

Na juya shi a kaina. "Bakin dama."

"To. Farke. A hankali, kar ki ja zaren."

Na farke, muka sauya shafukan. Na ƙasan, Kawu ya rufe ramukansa da siririn ƙyalle na fata, tunda ba a ganinsa. Na saman kuma ya miƙo mini wuƙarsa, wadda ban taɓa riƙewa ba.

"Ke kika huda, ke za ki yanka. Kowane rami ki tsaga shi zuwa baki."

Na tsaga na farko a hankali. Daga na biyar hannuna ya saba. Da na gama, babu sauran rami ko ɗaya, sai geza siririya daga ƙugu zuwa gwiwa.

Ran Juma'a da la'asar Jeffrey ya zo gwaji. Ya fito daga bayan labule yana juyi, ninkin yana buɗewa yana rufewa. Ya ɗauki hoto ya tura wa surukinsa, muka tsaya jira. Wayar ta yi ƙara.

"Me ya ce?" in ji Kawu.

"Ya ce daidai yake, ko a can sai haka. Wai wa ya yanka gezar?"

Kawu ya nuna ni da haɓa. "Ka ce masa baduku ce 'yar baduku. Yalla, cire kar ka jiƙa mana shi da gumi tun kafin gobe."