Ranar da Iya Gap-sun Ba Ta Ji Ƙararrawa Ba

Ni dai ban san ranar da addu'a ta ƙafe mini ba. Ba rasuwa aka yi mini ba, ba ciwo, ɗana Yong-ho yana birnin Busan lafiyarsa ƙalau, ganyen tekun da muke nomawa ma ya yi albarka bana. Kawai na durƙusa wata rana na buɗe baki, sai na ji kamar ina sallama a gidan da aka tashi. Ubangiji ne ba ya nan, ko ni ce ba na nan, oho. Abin ya ɗaure mini kai, ya kuma ba ni tsoro.

Yadda muke addu'a a cocinmu na tsibiri shi ya rufa mini asiri. Fasto Pyo zai faɗi abin da za a roƙa, mu kira "Ubangiji!" sau uku da ƙarfi, sannan kowa ya ɓarke da tasa a lokaci guda, masu kuka na yi, masu dukan ƙirji na yi, har sai ya kaɗa 'yar ƙararrawarsa a yi tsit. A wannan hayaniya wa zai ji wani? Sai in runtse ido in yi ta motsa leɓe. Tun bazara nake haka, ni da ake tasowa har gida in yi wa marasa lafiya addu'a.

Ana nan sai ga maganar jirgi. Kamfanin ya ce daga sabuwar shekara jirgin ruwan da ke zuwa mana kullum zai koma sau ɗaya a mako, wai mun yi kaɗan. Mu kuwa yawancinmu tsofaffi ne, asibiti yana ƙetare. Ranar Lahadi muna raba shinkafa da kimchi, kabejin nan namu mai tsami da yaji, bayan sujadar safe, Fasto ya tsaya a kaina.

"Maman Yong-ho, anjima idan an gama addu'ar taro, ke za ki rufe mana a kan jirgin nan."

"Fasto, ga Dattijo Seok fa."

"Wa? Maigidan nawa?" in ji matar Dattijo. "In ya fara, sai jirgin ya je ya dawo bai kai amin ba."

Aka kwashe da dariya, ban da ni. Rufe addu'a ai mutum ɗaya ke yi, kowa na saurare.

A sujadar yamma na zauna wurina, kusa da Iya Gap-sun, tsohuwar mai sana'ar nutso a teku wadda ruwa ya cinye wa kunnuwa. In kana mata magana, bakinka take kallo. Muka kira Ubangiji, coci ya ɗauka, ni ina ta lalube a raina ko kalma ɗaya babu. Fasto ya kaɗa ƙararrawa, kowa ya yi shiru, ban da Iya. Idonta a rufe, muryarta har bakin hanya, har da sunana a ciki.

"Ka ajiye maganar jirgi tukuna, Ubangiji, jirgi ai ƙarfe ne. Ga 'yarka Bok-rye nan kusa da ni. Tun bazara nake duba bakinta, ba ta cewa komai, iska kawai take taunawa. Ni kurma ce, ba makauniya ba. Ko kai ka yi fushi da ita, ko ita ta yi fushi da kai, don Allah ku shirya, na gaji da..."

Surukarta ta ja mata hannun riga. "Iya, an kaɗa!"

"An me?"

Kunya ta kama ni, haushi ya biyo, can ƙasa kuma wani sanyi-sanyi da ban san sunansa ba. Fasto ya dubi ƙararrawar hannunsa kamar ita ta yi laifin. Dattijo Seok ya fara gyaran murya zai cece ni. Har yau ban san abin da ya miƙar da ni tsaye ba, wataƙila gyaran muryar nan ce.

"Ubangiji," na ce, "ban sani ba ko kana ji na."

"Amin!" in ji wani daga baya, don mu ko me aka faɗa sai mun amsa.

"Ban san abin da ya same ni ba."

"Amin!" Wannan karon da yawa suka amsa, har da masu shessheƙa, na rasa ko nawa suke amsawa ko nasu.

"Jirgin dai muna so. Akwai masu hawan jini, akwai masu ciwon gwiwa. In ba ka ji tawa, ka ji ta Iya."

Daga nan kuka ya ci ƙarfina, Fasto ne ya ƙarasa da sunan Yesu. Ko an ji ni a sama, ko ba a ji ba, wallahi ban sani ba.

A bakin ƙofa muna sa takalma na tare ta, na buɗe baki sosai don ta gani.

"Iya, kin tona mini asiri a gaban gari."

"Wa ya ji? Ni da Shi nake magana." Ta dafa kafaɗata ta zura ƙafa a takalminta na roba. "Gobe zan biyo miki addu'ar asuba. Ki yi ta faɗa masa ba ki sani ba ɗin, ni zan riƙa duba bakin."