Malam Zubeiru a Layin Masu Awon Ciki

Shekara shida muna yawo a cikin wata tsohuwar bas mai lasifika a ka, ni da mijina Malam Zubeiru da 'yarmu Afra. Daga Birnin Ƙonni muka taso, mun sha ruwan Benin, mun sha na Togo, muka yada zango a Tamale ta ƙasar Ghana, bayan wani masallaci a unguwar Nyohini. Maganin gargajiya muke sayarwa. In ka ji Malam a lasifika, babu ciwon da jarkarsa ba ta kashewa. Ni kuwa da nake dafa maganin na san abin da ke ciki: sabara, citta, 'yar kanwa, sai kyakkyawar niyya.

Wata Talata ciwon ciki ya kama shi ta gefen dama. Ya sha kofi ɗaya na maganinsa, ya ƙara, har ya shanye rabin jarka. Kwana uku cikin ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, jiki zafi rau, ga amai. Tsoro ya kama ni ƙwarai, don na ga mutumin nan zai mutu mini a ƙasar mutane.

Na ce, "Malam, asibiti za mu."

"Ni? A garin da rabin mutanensa suka sayi maganina? In aka gan ni a layin likita, da wane baki zan sake yin talla?"

"Gawa ma ba ta talla."

Da ƙyar ya yarda, amma da sharaɗi: sai dai ya je cikin hijabina da niƙabi. Na zura masa, har da safar hannu. Muka bar Afra wajen maƙwabciyarmu Sala mai koko, muka tari keken nan da suke kira yalo-yalo.

Mai gadin asibitin ya ga mace a lulluɓe, ciki a gaba, tana nishi tana dafe ƙugu. Bai tambaye mu komai ba ya raka mu har layin masu awo. Na so in yi magana, Malam ya mintsine ni. Haka ya zauna tsakanin mata masu ciki, da gemunsa da komai, wata tana shafa masa baya tana cewa, "Sannu, Mma, na fari ne?"

Can wata ta buɗe jaka ta zaro kwalba. Ina gani na gane murfin, ni na ɗaura shi da hannuna.

"Sha wannan. Na wani malamin Nijar ne a Nyohini, ba ya ƙarya."

Malam ya kalli kwalbar, ya girgiza kai da ƙarfin da ban san ya rage masa ba.

Da layi ya zo kanmu, wata nas mai suna Zuhuratu ta kwantar da shi, ta danna cikin. Malam ya kurma ihun da ya fi na lasifika. Ta ɗaga niƙabin, ta tsaya kallon gemu.

"Ei! Ba kai ne ka sayar wa babana maganin hawan jini ba?" Ta sake taɓa cikin, fuskarta ta canza, ta juyo gare ni. "Mma, bar dariya. Afendis ne, ya kusa fashe. Sai tiyata yanzu-yanzu."

Ba dariya nake ba, kuka ne. Aka tura shi a gado ta gaban matan nan duka, fuska a buɗe, mai kwalba tana salati.

Awa uku ina zaune a benci kafin likita ya fito. Ya ce an yi nasara, amma da mun ƙara kwana ɗaya, da sai dai mu nemi maƙabartar baƙi.

Da Malam ya farfaɗo, ya daɗe yana kallon rufi. Sannan ya kamo hannuna.

"Hawawu, duk zazzaɓin da Afra ta yi a hanya, abin nan na dinga ɗura mata. Shekara shida. Da na kashe 'yata fa?"

Hawaye na bin gemunsa. Tausayinsa ya kama ni, na gyara masa filo.

"Kwantar da hankalinka, Malam. Duk garin da muka sauka, kana fita talla nake goya ta zuwa asibiti. Katunan asibitinta na ƙasa huɗu suna nan ƙarƙashin kujerar da kake zama kana tuƙi."