Tsuntsun da ke kusurwar cif

A ofishinmu akwai wata al'ada. Duk wanda ya tsara cif, ƴar ƙwayar nan mai sarrafa na'ura, ana bar masa wata kusurwa da babu komai ya yi ɗan zanensa, wanda sai da madubin ƙara girma ake gani. Wani ya sa kifi, wani ya sa takalmi.

Wata abokiyar aikinmu da muke kira Injiniya ce ta tsara makunnin cif ɗin na'urar taimaka wa kurame. Makunnin kan yanke wuta daga duk sashen da ba ya aiki, don kada batir ya riƙa tsiyayewa a banza. Ta sha wuya kafin yoyon ya tsaya. A kusurwarta ta sa tsuntsun da ƴarta ta zana kafin ta rasu, fiffike ɗaya ya fi ɗaya tsawo.

Shugaban sashenmu, da muke kira Ma'auni don ko shayi sai ya gwada zafinsa, bai taɓa yafe mata ba da aikinta ya fi nasa. Ana gab da tura tsarin zuwa masana'anta ya goge tsuntsun, wai zai ja wuta. Kowa ya san zanen da ba a jona da komai ba ba ya jan wuta. Muka ƙyale shi, muka ɓoye wa Injiniya. Har yau abin yana ci mini rai.

Ranar da cif ɗin farko ya iso, Injiniya ta zo da mahaifiyarta, tsohuwar da ta raini yarinyar. Injiniya ce ta fara leƙa madubin. Ba ta ga tsuntsun ba. Sa hannun Ma'auni ne a wurin, da lanƙwasarsa har biyu kamar fikafikai.

Kafin ta yi magana Ma'auni ya jawo kujera da fara'a.

"Bismillah, Mama, zauna ki ga jikarki."

Tsohuwa ta kafa idonta mai yana a madubin, ta daɗe, sannan ta fashe da kuka.

"Ga shi nan kuwa. Haka take yin fikafikai, Allah ya jiƙanta."

Ta kama hannun Ma'auni tana sa masa albarka, ta juyo ga ƴarta.

"Ke ba za ki yi masa godiya ba?"

Injiniya ta dubi hawayen uwarta, ta buɗe baki ta gode masa.