Kada a Kashe Kwamfutar Dattijo

Tun ranar da Jennifer ta aiko wa babanta kwamfutar cinya daga Fatakwal, Manasseh ya sa tela ya ɗinka wa kwamfutar riga, ya kuma kafa doka a gida cewa ba mai taɓa ta sai shi. Tsohon ma'ajin sito ne a ma'aikatar gona, dattijo kuma a cocinsu na Majidaɗi, irin mutanen nan da in suka ga an rubuta kada a taka ciyawa za su zaga ko da ciyawar ta daɗe da mutuwa. Da yamma matarsa Ƙauna kan leƙo ɗaki ta gan shi ya toshe kunne da abin sauraro, yana gyaɗa kai, wani lokaci har da dunƙule hannu. In ta tambaya sai ya ce nazari yake yi. Ta ɗauka wa'azi ne mai zafi, ta ƙyale shi.

Da damina ta kankama sai kwamfutar ta koyi wani hali. Duk sanda ya kunna ta, fuskarta ta yi shuɗi, wasu 'yan ɗige-ɗige su kama zagaye, rubutu ya fito da Turanci cewa ana sabunta manhaja, kada a kashe. Lissafi ya hau, ya kai talatin cikin ɗari, ya toge kamar jakin da ya hango kogi. In wuta ta yi mutunci ta daɗe, sai kwamfutar ta ce aikin bai yiwu ba, ta warware abin da ta ɗaura, ta buɗe. Gobe kuma a sake sabon lale. In ko an ɗauke wuta, batirin ba ya jure fiye da rabin awa.

Ana cikin haka yayarsa Abigail ta iso daga Sunkani da safiyar wata Asabar, da ƙullin gyaɗa a ka. Jennifer ta haihu, an sa wa jaririyar sunanta, an kuma miƙa ta a coci can Fatakwal. Bidiyon bikin yana cikin kwamfutar, shi ta zo gani.

"Ba zama na zo yi ba," in ji ta tun daga bakin ƙofa. "Na bar awaki a hannun maƙwabta. Nuna mini takwarata in koma."

Manasseh ya cire wa kwamfutar riga, ya danna. Ɗige-ɗigen suka fara zagayensu.

"Ina yarinyar?"

"Ki ɗan yi haƙuri, Yaya. Tana shiri ne."

"Yarinyar?"

"Kwamfutar."

Abigail ta ci ɗumame, ta sha kunu, ta ba Ƙauna labarin duk wanda ya rasu da wanda ya yi aure a Sunkani tun daga Kirsimeti. Lissafi yana nan a talatin. Hantsi na ɗagawa fanka ta fara rage gudu, ta tsaya. An ɗauke wuta.

"Baban Jennifer, ka danne maɓallin nan ta mutu ka sake kunnawa mana," in ji Ƙauna. "Haka nake yi wa wayata."

Manasseh ya dube ta kamar ta ce ya ɗauki kuɗin baikon coci ya sayi tsire. Ya nuna rubutun da yatsa. An ce kada a kashe. Shi bai san wanda ya rubuta ba, amma wanda ya rubuta ya san dalilinsa. Tunaninsa ya tafi kan abokinsa Aƙilu, telan da ya ɗinka rigar, wanda ke da wutar sola a shagonsa na Kasuwar Jalingo. Bai tsaya neman hula ba. Ya ɗauki kwamfutar a buɗe bisa tafin hannu biyu, ya ce wa Abigail ta riƙo caja ta biyo shi.

Suka tari Keke Napep. Manasseh ya ce wa direban ya yi sauri amma kada ya girgiza su, abin da ba ya haɗuwa a hanyar Majidaɗi da damina. Duk ramin da suka faɗa sai ya ɗaga kwamfutar sama ya ce wash. Wata mata da ke gefensu ta leƙa fuskar, ta tambaya ko hoton asibiti ne.

"Mara lafiyar ke nan a hannunsa," in ji Abigail.

Aka fara yayyafi kafin su kai. Manasseh ya tuɓe babbar rigarsa ya lulluɓe kwamfutar, ya ratsa layin 'yan tumatir da singileti, yana cewa a ba shi hanya. Wasu mata biyu 'yan ƙungiyar zumuntar mata ta cocinsu suka gan shi, suka buɗe baki za su gaishe shi, suka fasa.

Aƙilu yana kan keken ɗinki ya ga abokinsa ya faɗo shago. Bai tambayi komai ba, ya zare filogin dutsen guga ya ba shi wuri. Fitilar caji ta kama. Manasseh ya zauna a kan buhun ƙyallaye yana haki, ya ce, "Useko, na gode, Malam Aƙilu. Saura ƙiris ta cika."

"Allah ya ba ta lafiya, Dattijo. Me ya same ta?"

Aka yi masa bayani. Suka zauna su uku suna kallon lissafi. Can sai ya motsa. Ya bar talatin, ya haye sittin, ya wuce casa'in. Manasseh ya miƙe tsaye. Fuskar ta yi baƙi, ta dawo, rubutu ya ce aikin bai yiwu ba, ana warwarewa, kada a kashe.

"Wannan ba sabuntawa ba ce," in ji Aƙilu. "Ɗinki ne take yi tana farkewa. Na taɓa koya wa wani irinta aiki."

Da ta gama warwarewa ta buɗe, Aƙilu ya ce kafin a yi komai a kira mai kayan. Ya kira Jennifer da wayarsa ya sa a sifika. Ta gaida gwaggonta, ta gaida Baba Aƙilu, ta saurari ƙorafin babanta har ƙarshe.

"Dadi, ka buɗe wurin da yake nuna cikin kwamfutar. Akwai wani dogon layi. Wane launi ne?"

"Ja."

"Ta cika ke nan. Ba ta da inda za ta ajiye sabon abin, shi ya sa take komawa baya kullum. Me ka zuba mata haka? Kusan ba komai a ciki na aiko maka."

Manasseh ya yi gyaran murya ya ce kayan nazari ne.

"Wanne ne ya fi girma? Ka buɗe mu gani ko akwai na gogewa."

Da ya so ya ce layin waya ba kyau, amma Aƙilu ya riga ya miƙa hannu ya danna jakar da aka rubuta wa Nazari. Ƙara ta cika shagon. Wani ƙaton Bature da ɗan kamfai mai ƙyalli ya hau igiyar dandali, ya diro a kan cikin wani ƙaton, jama'a suna ihu. A ƙasa kuma ga irinsa jere, sun fi a ƙirga, duk waɗanda Manasseh ya riƙa karɓowa wajen masu tura fina-finai a bayan tasha.



"Dadi, kokawa nake ji?"

"Akwai darasi a ciki," in ji Manasseh. "Ai Yakubu ma ya yi kokawa a Littafi Mai Tsarki."

Aƙilu ya kifa kai a kan keken ɗinki, kafaɗunsa suna rawa don dariya. Jennifer ta ce ko dai a goge su, ko a sayi filashi, ɗan abin nan na ajiyar fina-finai, a kwashe, in ba haka ba kwamfutar za ta yi ta wannan zagaye har jaririya ta shiga firamare. Manasseh ya ce a goge, a goge duka yanzu, muddin maganar ba za ta kai kunnen Ƙauna ba. Ya kai hannu.

Abigail ta buge hannun. Ta riga ta jawo kujera har gwiwarta na taɓa tebur.

"Bari tukuna. Wannan mai gemun, haka zai bar shi ya tashi? Ka shaƙe shi mana, sakarai."

"Yaya, takwararki fa."

"Takwarata ba gudu za ta yi ba. Wa ya ci a ƙarshe?"

Sai da suka kalli uku kafin ta yarda aka buɗe bidiyon jaririya. Ta yi guɗa, ta share hawaye, ta ce hancin na gidansu ne, sannan ta ce a koma wa mai gemu. Aƙilu ya aika aka sayo filashi aka kwashe kokawar. Da aka sake kunna kwamfutar, lissafi ya tafi har ɗari bai waiwaya ba, kuma daga ranar ba ta ƙara ba.

La'asar sakaliya suka koma gida. Ƙauna ta tambayi yadda aka yi, Manasseh ya ce an samu cunkoso ne a ciki, an rage. Abigail ba ta tona shi ba, amma ta ce filashin nata ne, ɗan maƙwabcinta a Sunkani yana da talabijin mai cin irinsa. Ta ƙulle shi a bakin zane, ta sa ƙanenta ya yi alkawarin zai riƙa aiko mata da sababbi ta hannun direban motar kasuwa.