Peso Uku a Tafin Saturnina

A jifni, doguwar motar haya mai ƙofa a baya, kuɗi ba ya isa ga direba sai ya bi ta hannun kowa, don haka wanda ya zauna bayan direba ya zama ɗan aiken mota. Yau Saturnina ce a wurin, da ƙunshin wanki a cinya, za ta kai wa masu shi a Cubao.

Ta miƙa kuɗinta, ta ce na rangwamen tsofaffi ne. Direba Isko ya dube ta ta madubi, ya nemi katin shaidar tsufa. Ba ta da shi. A wani ƙauyen kan dutse a Samar aka haife ta, inda ba a rubuta haihuwa, ofis kuwa ya ce ba takarda, ba kati. Ta daɗe da wuce sittin. Gwiwoyinta sun sani, ofis ne kawai bai sani ba.

"Iya, rangwamen nan daga aljihuna yake fita," in ji Isko. "Mai mota ba ya rage min ko sisi. Ki ciko peso uku, ko ki sauka a bakin gada."

Da gaskiyarsa, kuma abin da ya fi ƙona rai ke nan, don ba ka da wanda za ka zaga. Ba ta da ukun. Daga gada zuwa Cubao da ƙafa sai rana ta take, uwar gidan da take yi wa wanki kuwa ta ce in ta sake makara, ta nemi wani gidan. Fasinjoji kowa ya sunkuya kan wayarsa.

Can bakin ƙofa akwai wata mata mai zobban zinare, wadda tun shigowarta take sanar da duniya cewa motarta na wurin gyara. Ta riga ta biya cikakken kuɗi, sai ta tuna. Ta zaro kati ta ɗaga, ta ce a mayar mata da ukunta, haƙƙinta ne.

Isko ya yi tsaki, ya ɗebo ya zuba a tafin Saturnina. Ta tsaya tana kallon kuɗin.

"Kaka, miƙo mana!" in ji matar. "Kai, tsufa bai yi ba."

Saturnina ta miƙa. Kuɗin ya bi hannu hannu har ƙofa, matar ta jefa a jaka ko dubawa ba ta yi ba.

Isko ya taka birki, ya ce an zo gada.