Giram Saba'in da Biyar

Mahaifinmu, Ottavio Marcuzzi, ya yi shekara talatin da ɗaya a masana'antar ƙarfe a birnin Hamilton, kuma ban taɓa ganin ranar da ya kwana bai ci taliya ba. Bayan rasuwar mahaifiyarmu likita ya gano masa ciwon suga. Yayata Loredana ta saki ɗakin da take haya, ta dawo gida don ta kula da shi. Ni ina garin Burlington da miji da yara, sai ranar Lahadi nake zuwa.

A asibiti, matar da ke tsara wa marasa lafiya abinci ta ba su takarda. A layin taliya an rubuta giram saba'in da biyar. Loredana sakatariya ce a makarantar firamare, mace ce da in ta riƙe doka ko ita kanta ba ta yi wa sassauci. Ta sayi ƙaramin sikeli, ta manna takardar a jikin firji. Kullum sai ta dafa taliya, ta tsane ruwan, ta ɗora faranti a sikeli, ta riƙa zubawa har lambar ta cika. In ta haura, ta sa cokali ta cire sili biyu. Daga nan ta shigar da lambar a wayarta.

Baba yakan leƙa farantin ya ce, "Lori, wannan na kyanwa ne, ko nawa yana hanya?"

"Naka ne, Baba. Ci a hankali, za ka ƙoshi."

"Uwarki in tana ɗanɗana gishiri ta fi wannan ɗiba."

"Shi ya sa sugarka ta kai inda ta kai."

Sai ya yi dariya, ya cinye a loma biyar, ya bi miyar da yatsa. Ya rame, har sau biyu yana huda sabon rami a bel ɗinsa. Amma suga ta sauka, likita ya yaba, mu ma muka yaba. Haka aka yi wata goma sha huɗu. A watan Mayu yana kafa wa tumatir sanda a bayan gida zuciyarsa ta tsaya.

Bayan wata biyu na je taya Loredana kwashe kayansa. A lokacin ni ma na fara lissafin abin da nake ci, don nauyi ya yi mini yawa. Da rana ta yi na ce bari in dafa mana wani abu. Na jawo sikelin, na auna busasshiyar taliya giram saba'in da biyar, na zuba a tukunya.

Ta tsaya a bakin ƙofa da rigunan Baba a hannu. "Nunzia, me kike yi haka?"

"Awo nake."

"Ai sai ta dahu ake aunawa."

"A'a, Yaya. Busasshiya ake aunawa. In ta dahu ruwa ta sha, nauyinta ya ninka har ya wuce."

Ta ajiye rigunan a kujera, ta je ta ciro takardar daga firji. A can ƙasa, da ƙananan haruffa, an rubuta cewa duk awon taliya da shinkafa kafin a dafa ne. Ta karanta, ta sake karantawa. Ta jira har taliyar ta dahu. Ita ta tsane da kanta, ta juye a farantin Baba, ta ɗora a sikeli. Giram ɗari da tamanin. Farantin ya cika har baki.

"Wannan ne rabonsa," ta ce. "Kullum."

Na ce mata likita ya faɗa, zuciya ce, kuma ta daɗe da rauni.

"Ban ce ni na kashe shi ba. Cewa na yi da yunwa ya zauna a gidansa, ga abinci a tukunya, ina tsaye a kansa." Ta zauna. "Ranar Alhamis ɗin ƙarshe ya miƙo mini faranti ya ce, 'Cokali ɗaya, 'yata, ba wanda zai sani.' Na ce ni zan sani. Na juye sauran a roba na sa a firji yana kallo."

Ba wadda ta ci a cikinmu. Da sati ya zagayo ta koma asibiti da takardar. Matar nan mai tsara abinci ta ba ta haƙuri, ta ce mutane da yawa suna wannan kuskuren. Loredana ta yi godiya, ta fito, ta zauna a mota kusan awa guda ba ta tayar ba.

An sayar da gidan a watan Oktoba. Ta kama wani ɗaki kusa da makarantarsu, tana zuwa aiki, tana zuwa coci, ba ta ƙara ta da maganar ba.

Akwai abin da har yau ban faɗa mata ba. A cikin sanyin bara Baba ya kira ni sau biyu da rana, lokacin tana wurin aiki. Ya ce, "Nunzia, ki yi wa yayarki magana, anya ta karanta takardar nan daidai? Yunwa nake ji." Ina tsakiyar haɗa wa yara abinci, waya a maƙale a kafaɗa. Na ce, "Baba, kai dai da wayo. Ka bi abin da ta ce." Ya ce to, ya tambayi lafiyar yara, ya kashe.